Wariyar launin fata ce, ko ni ce mai zargi? Amsa ga wata nas a Amurka

"Assalamu alaikum Malam. Ni nas ce. Na yi shekara tara ina aiki a gida kafin na samu aiki a wani asibiti a Amurka, yau wata goma ke nan. Sau biyu majinyata suna cewa a canja musu ni. Akwai abokiyar aikin da duk abin da na faɗa wa likita sai ta maimaita, kamar mai yi mini tafinta. Majinyata masu wahalar sha'ani kusan kullum ni ake ba. Da na yi magana, shugabarmu ta ce na cika sa abu a rai. Wata baƙar fata 'yar ƙasar ta ce mini wariya ce ƙarara, mutanenmu kuma suka ce in yi haƙuri, ai nema na fito. Yanzu ko barcin kirki ba na yi. Yaya zan gane wariya ce ko zargi ne kawai nake yi, kuma me ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya kawo sauƙi. Idan na fahimce ki, kina so ki san sunan abin da ake yi miki, da matakin da za ki ɗauka ba tare da kin rasa aikinki ba, da kuma yadda za ki samu barcinki ya dawo. Abin da ke hana ki barcin, a ganina, shi ne kina ƙoƙarin leƙa zukatan mutane ki gano niyyarsu. Wannan aiki ba ya ƙarewa, domin babu wanda zai buɗe miki ƙirjinsa. Abin da za ki iya aunawa shi ne aikin da ya fito fili: me aka yi, sau nawa, kuma wa ake yi wa, wa ake ƙyalewa.

Yadda ƙasar ta kasa mutanenta

A gida idan ana son sanin mutum, tambaya ake yi: ɗan wane gari ne, ɗan gidan wa ne, wace ƙabila, wane addini. Ba ki taɓa tashi da safe kin tuna ke baƙa ce ba, don kowa baƙi ne. Ranar da kika sauka a Amurka aka miƙo miki fom mai 'yan akwatuna, kika shiga akwati ɗaya da ɗan Habasha da ɗan Jamaika da wadda kakanninta suka yi sama da shekara ɗari biyu a jihar Jojiya. Doka ce ta ƙera wannan akwati, kuma an san lokacin da aka ƙera shi. A 1662 majalisar Birjiniya ta yi doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa, idan baiwa ce shi ma bawa ne, ko da ubansa shi ne ubangidan. Da haka bauta ta zama gado, launin fata kuma ya zama shaidarta. An haramta bautar a 1865, amma a 1896 kotun ƙoli ta halatta raba baƙi da farare a wuraren jama'a, kuma sai a 1954 ta haramta raba su a makarantun gwamnati. A 1924 Birjiniya ta sake yin dokar da ta ce duk mai ɗigon jinin baƙi ba ya cikin farare, ta hana aure tsakaninsu, dokar da ba ta faɗi ba sai a 1967. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirar birane, ta shafa wa unguwannin baƙi jan launi a matsayin wuraren da ba da bashin gida yake da haɗari. Gida kuwa shi ne babbar dukiyar da talakan Amurka ke bar wa 'ya'yansa, don haka giɓin ya bi zuri'a har yau.

Ta fuskar halitta rabon ba shi da tushe mai ƙwari. Tun 1972 masanin ƙwayoyin gado Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin 'yan'adam yana cikin kowace al'umma ne ita kanta, kusan kashi 6 ne kawai ke tsakanin manyan rukunan da ake kasa mutane bisa launin fata. Amma takardar kuɗi ma mutane ne suka ƙirƙire ta, kuma tana sayen hatsi. Baƙar fatar nan 'yar ƙasar da ta ce miki nan take wariya ce, da wannan tarihi take kallon abin, mai yiwuwa kakarta ta sha ruwa a famfon da aka rubuta wa "na baƙi". Ke kuma kina kallonsa da idon baƙo. Kowaccenku na ganin wani ɓangare da ɗayar ba ta gani.

Karkatar da mai ita bai san yana da ita ba

Yawancin abin da za ki haɗu da shi a asibiti ba zagi ba ne. Wanda zai kira ki da mummunan suna ya san za a iya korarsa. Abin da ya fi yawa shi ne saurin zato: ƙwaƙwalwa ta ga fata da hijabi, ta ji harshen baƙo, ta yanke cewa wannan ba ta kai sauran ƙwarewa ba, tun kafin mai ƙwaƙwalwar ya yi tunani. An auna wannan. A wani bincike da aka buga a 2004, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 ga kamfanoni a Boston da Shikago. Sun liƙa wa wasu sunayen da aka san farare da su, wasu kuma sunayen baƙi, ƙwarewar da ke jikin takardun kuwa daidai take. Mai sunan farare yakan samu kira ɗaya a takarda goma, mai sunan baƙi sai ya aika kusan goma sha biyar. Da za a tambayi ma'aikatan da suka tace takardun, mafi yawansu za su rantse ba su nuna bambanci ba, kuma ba lallai ƙarya suke yi ba.

A fanninki abin ya shafi rayuka kai tsaye. Wani bincike na Jami'ar Birjiniya a 2016 ya tarar da kusan rabin ɗaliban likitanci da sababbin likitoci farare da aka tambaya sun yarda da aƙalla magana ɗaya ta ƙarya game da jikin baƙi, irin su wai fatarsu ta fi kauri, kuma waɗannan sun fi raina zafin ciwon baƙin majinyaci. Akwai ma karkatar da ba ta cikin zuciyar kowa, tana cikin na'ura. Abin nan da kike maƙala wa majinyaci a yatsa don auna iskar oksijin, da haske yake aiki, duhun fata kuma na rikita shi. Likitocin Jami'ar Mishigan sun nuna a 2020 cewa cikin majinyatan da na'urar ta ba su 92 zuwa 96, kusan 12 cikin 100 na baƙi ainihin iskar jininsu ta gaza 88, a farare kuwa abin bai kai 4 cikin 100 ba. Don haka idan baƙin majinyaci na numfashi da ƙyar na'ura kuma na cewa lafiya lau, ki yarda da idonki, ki nemi a ɗebi jinin jijiya a auna.

Za a iya tura ku bitar yini ɗaya kan wannan karkata, har a sa ku yi gwajin nan na kwamfuta da aka fito da shi a 1998, mai auna saurin haɗa fuska da kalma. Ki halarta, amma kada ki ɗora masa nauyi. Mutum ɗaya zai iya yin gwajin yau da mako mai zuwa ya samu sakamako daban, kuma bitar yini ɗaya ba ta cika sauya halin kowa ba. Abin da ke rage ɓarna shi ne rubutacciyar ƙa'ida, misali a raba majinyata bisa ma'aunin nauyin ciwonsu, ba bisa ra'ayin mai rabon ba.

Abubuwa ukun da kika lissafa ba nauyinsu ɗaya ba

Majinyacin da ya ce a canja masa nas yana iya samun dalilai da yawa, ciki har da ruɗewar tsufa ko rashin ji sosai. Ki tambayi shugabar duti abin da ya faɗa da bakinsa. Idan ya ambaci fata ko hijabi ko ƙasarki, to ba laifinsa kaɗai ake dubawa ba, har da abin da asibitin ya yi a kai. A 2010 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci kan wani gidan kula da tsofaffi a Indiyana da ke biya wa mazauna buƙatarsu ta kada baƙar ma'aikaciya ta taɓa su. Kotu ta ce son ran majinyaci ba hujja ba ce ta raba aiki bisa launin fata. Ke da kanki kina iya cewa a janye ki daga mai zaginki, wannan dabam ne da a janye ki don a faranta masa.

Mai maimaita maganarki ita ce mafi sauƙi, kuma ba ofis za a fara kai ta ba. Ki same ta ku biyu, ba a gaban likita ba, ki faɗi abin da ya faru ba tare da kin ba shi suna ba: "Na lura idan na ba likita rahoto kina maimaitawa. Idan bai ji ni ba zai tambaye ni. Ki bar mini." Kalmar wariya idan ta fito a farkon zance, sai a bar maganar aiki a koma gardamar ko ita mutuniyar kirki ce, ke kuma ki zama mai neman fitina. Da yawa sukan daina daga nan, don kunya. Idan ta ci gaba, a lokacin da ta fara ki ce cikin sanyin murya, "Na gode, bari in ƙarasa." Ta ɓangarenki kuma, ki rage saurin magana a waya, ki riƙa faɗin lambobin magani ɗaya bayan ɗaya, ki nemi a maimaita miki umarni. Wannan ƙa'idar kare majinyaci ce da ta hau kowa, ba amsa laifi ba ne.

Rabon majinyata shi ne mai nauyi, kuma shi ne mai lissafuwa. Ki sayi ƙaramin littafi da kuɗinki, ki ajiye a gida. Duk ranar duti, kafin ki kwanta, ki rubuta kwanan wata, wa ya yi rabon, majinyata nawa aka ba ki, nawa ne masu tsanani, sababbin shigowa nawa, sannan nawa aka ba waɗanda kuke daidai a daɗewa. Idan an faɗi wata magana, ki rubuta ta yadda aka faɗe ta da sunan wanda ya ji. Kurakurai uku ne ke ɓata irin wannan littafi. Wasu kan rubuta sunan majinyaci ko lambarsa, wannan kuwa karya dokar sirrin majinyata ne, zai iya cinye aikinki da lasisinki, ki tsaya a "majinyata biyar, uku masu tsanani". Wasu kan ajiye bayanan a imel ko kwamfutar asibiti, ranar da aka sallame su a rufe komai. Wasu kuma kan ɗauki murya a ɓoye, alhali a jihohi irin su Kalifoniya da Fulorida laifi ne naɗar zance ba da yardar kowa ba. Bayan mako shida zuwa takwas ki zauna ki duba. Wataƙila ki ga duk sababbi ake yi wa haka, fari da baƙi, to cin zalin sabon shiga ne, shi ma abin gyara ne amma maganinsa dabam. Wataƙila ki ga sai ranar da mutum ɗaya ke rabo abin ke faruwa. Ko wanne ne, kin huta da tambayar kanki da tsakar dare.

Idan lissafi ya nuna bambanci, ki koma wurin shugabarku da lambobi, bayan zaman kuma ki aika mata gajeren imel mai taƙaita abin da kuka tattauna. Idan ba a gyara ba, ki rubuta wa ofishin kula da ma'aikata, kuma a nan ne za ki ambaci abin da sunansa: kina ganin ana nuna miki bambanci saboda launin fata, ko asalin ƙasa, ko addini. Wannan lafazi yana da amfani, domin shi ke shigar da ke ƙarƙashin kariyar doka daga ramuwar gayya. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 15 zuwa sama nuna irin wannan bambanci, ta kuma hana a hukunta wanda ya kai kuka. Hijabi ma na ciki, a 2015 kotun ƙoli ta ba wata matashiya Musulma gaskiya a kan kamfanin tufafi na Abercrombie & Fitch da ya ƙi ɗaukarta saboda ɗankwalinta. Hukumar tarayya mai karɓar ƙorafi ita ce EEOC, shigar da ƙorafi kyauta ne, amma akwai wa'adi: kwana 180 daga ranar da abin ya faru, a jihohi da yawa ya kai 300, kuma zaman jiran amsar asibiti ba ya tsayar da ƙirgen. Ki sani ofishin kula da ma'aikata asibiti yake karewa. Idan kuna da ƙungiyar ƙwadago, ki tafi da wakilinta. Ni ba lauyanki ba ne, dokokin jihohi sun bambanta, kuma idan kamfanin dillancin ma'aikata ne ya kawo ki, a kwantiraginki akwai yiwuwar tarar barin aiki kafin wa'adi. Kada ki ajiye aiki cikin fushi sai lauyan ƙwadago ya karanta takardar.

Mutanen da za ki jingina da su

Laifi tudu ne, don haka bari in taɓo namu. Da yawa daga cikinmu kan sauka da mummunan zato kan baƙaƙen Amurka, wanda muka kwaso daga finafinai: wai malalata ne, wai su suka ja wa kansu. Wani ma har daɗi yake ji idan Bature ya ce masa "kai ba kamar su ba ne". Mu da muka san yadda ake fasa aure a gida don an ce kakan yaro bawa ne ko mahauci, muka kuma san kasuwar man bilicin, bai kamata mu ɗauka wannan cuta ta wasu ce kaɗai ba. Gwagwarmayar baƙaƙen ce ta haifar da dokar 1964 da kike shirin dogara da ita, kuma a cikin guguwarta aka yi dokar shige da fice ta 1965 da ta soke rabon biza bisa asalin ƙasa, ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa. A titi kuwa ba a tambayar fasfo. Amadou Diallo ɗan Gini ne, mai 'yar tireda, yana da shekara 23 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansu a Niyok a watan Fabrairun 1999, yana ƙoƙarin ciro walat.

Saboda haka ki riƙe baƙar fatar nan 'yar ƙasar da ta ce miki wariya ce da kyau. Ba dole ki ɗauki duk fassararta ba, amma ta san wace shugaba ce ke sauraro, wane likita ne ke tsaya wa nas, da lafazin da ake rubuta ƙorafi da shi a wurin. Ki nemi kuma tsohuwar ma'aikaciya guda, ko wane launi ce, wadda za ta ce "ni ma na gani" idan an zo zama. Shaidar mutum ɗaya daga cikinsu takan yi abin da shafi goma na littafinki ba zai yi ba. Akwai ƙungiyar nas-nas baƙar fata ta ƙasa da aka kafa a 1971, mai rassa a birane da yawa, akwai ta nas-nas 'yan Najeriya mazauna Arewacin Amurka, akwai kuma ƙungiyar Zumunta ta 'yan Arewa.

Mutanenmu da suka ce ki yi haƙuri ba mugunta suke nufi ba, tsoro suke ji miki, wasunsu da haƙurin suka biya kuɗin makarantar ƙannensu. Ki je musu don abin da suka iya: tuwo ranar hutu, suna, ta'aziyya, adashe, wanda zai ɗauko miki yaro daga makaranta. Kada ki kai musu shari'ar ofis. Idan babu irin wannan zama a garinku, mutum huɗu sun isa a fara. Ku tsayar da rana ɗaya a wata wadda ba ta motsi, ku riƙa zagaya gidaje, kowa ta zo da kwano. Abin da ke kashe irin wannan taro shi ne a bar wa mutum ɗaya girki da kira, ko a mayar da shi zauren WhatsApp mai mutum tamanin da ba wanda ya san ƙofar gidan wani. Zumunta a ƙafa take, ko a ƙasar ƙanƙara.

Jikinki

Rashin barcin nan shi ne abin da zan so ki fara magancewa, tun kafin littafin ya cika. Masu bincike sun daɗe suna bibiyar yadda zaman ɗar-ɗar na kullum ke cin jiki. Arline Geronimus ta kwatanta shi a 1992 da yadda ruwa da iska ke zaizayar gini, Sherman James kuma tun shekarun 1980 ya danganta hawan jini a wasu baƙaƙen Karolina ta Arewa da ɗabi'ar ninka ƙoƙari ba tare da abin tallafi ba. Wannan tarko ne da masu zuwa daga waje irinki ke yawan faɗawa: ki karɓi kowane ƙarin duti, ki ƙi zuwa hutun cin abinci, don ki nuna musu kin iya. Wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya ƙirga wannan, jikinki ne ke ƙirgawa.

Ki ƙayyade ƙarin dutin da za ki karɓa a wata, ki faɗa wa na gida adadin da za ki iya aikowa bisa albashinki na asali. Idan dutin dare kike yi, ki sa labule mai kauri da ke toshe haske gaba ɗaya, ki bar shayi mai ƙarfi da kofi awa shida kafin kwanciya, ki nemi barcin awa bakwai ko da kashi biyu ne. Rubutun littafin ki ba shi minti goma, ki rufe, kada ki kai shi gado. Bidiyon 'yan sanda da baƙi da ke yawo a waya, ba wajibi ba ne ki kalli kowanne. Ki auna jininki a gida da safe da yamma na mako guda, idan yana zama a 130 bisa 80 ko sama ki kai wa likitanki lambobin. Ki ce masa ya duba sinadarin bitamin D, domin mai duhun fata, mai lulluɓi, a garin da rana ke ƙaranci da hunturu, yakan rasa shi, kasala da ciwon jiki su biyo baya. Tafiyar ƙafa ta rabin awa sau biyar a mako tana taimaka wa barci ƙwarai.

Addu'a da sallar dare suna sanyaya zuciya, kuma ba su hana neman magani. Yawancin manyan asibitoci suna da shirin taimakon ma'aikata da ke biyan 'yan zama na farko da mai ba da shawara, ba a kai wa shugabarki abin da kika faɗa. A zaman farko ki tambaye shi ko ya taɓa aiki da baƙi 'yan Afirka ko Musulmi, idan kika ga ke ce ke koyar da shi, ki nemi a canja miki. Idan kika yi mako biyu cur cikin ƙunci, abinci ba ya shiga, abin da kike so da ya daina burge ki, ko kika fara kuskuren magani a wurin aiki, to a makon nan za ki ga likita, ba sai an jira hutu ba. Idan kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, ki kira 988 daga kowace waya a Amurka, dare ko rana akwai mai ɗauka.